Ranar da Misfala Ta Ci Ba da Son Ranta Ba

Luqman ya gane akwai magana tun lokacin da Kawu Tijjani ya sa ɗan yatsa ya turo masa ƙashin nama mai ɓargo zuwa gefensa na tire. Duk Juma'a, in an sauko daga Harami, nan gidan na Misfala Luqman yake zuwa ya ci tuwon shinkafa miyar kuka na Inna Rakiya, ya miƙe ƙafa ƙarƙashin tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani kamar tirela. A duk zuwan da ya yi, bai taɓa ganin Kawu ya bar wa wani ɓargo ba.

"Ci mana, ya waladi, ɗana," in ji Kawu. "Gola yana buƙatar ƙarfi."

Kawu Tijjani ƙanin mahaifiyar Luqman ne. Tun yana saurayi ya baro Kazaure, ya zauna a Makka, ya auri Rakiya wadda iyayenta suka biyo ta Sudan, yana tuƙa bas ɗin alhazai daga tashar Kudai. Shi ya je Jidda ya ɗauko Luqman ranar da ya sauka don karatun shari'a. In shinkafa da kazar masaukin ɗalibai ta ishe shi, in kewar gida ta taso, ba shi da inda zai nufa sai nan.

Ban da tuƙi, Kawu yana da abu ɗaya da yake ji da shi, wato gasar ƙwallo ta Hausawa da ya kafa da hannunsa. Unguwa huɗu ne, Misfala da Kudai da Shisha da Jarwal, mutum bakwai-bakwai ake bugawa a wani ɗan fili mai ciyawar roba bayan tashar bas, ranar Asabar bayan La'asar. Kawu ne kocin Misfala, Luqman ne golanta. Misfala kuwa ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, ko da wasa.

Gasar tana da wata al'ada da ake kira zaɓen baƙi. Duk shekara bayan aikin Hajji, in sababbin ɗalibai sun iso daga gida, sai a tara masu son buga ƙwallo a cikinsu, ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi. Wadda ta zo ƙarshe a gasa ita ke fara zaɓa. Kawu ya samo wannan ne daga wani alhaji ɗan Kanada da ya taɓa zama kusa da shi a bas, cunkoso ya riƙe su a hanyar Mina, mutumin ya yi ta ba shi labarin hoki, ƙwallon gorar da suke bugawa a kan ƙanƙara. Ya ce a can wanda ya fi kowa rauni shi ake ba damar ɗaukar gwanin matasa, don kada ƙarfi ya taru a gida ɗaya. Kawu ya ji abin ya yi masa daidai da adalci, ya kawo shi Kudai, ya dasa.

A bana cikin baƙin akwai wani Issoufou daga Maraɗi. Kowa ya gan shi ranar gwaji. Ya karɓi ƙwallo da ƙirji, ya juya, ya bar mutum uku suna kallon juna, ya ɗaɗa ta cikin raga. Tun daga ranar ba a ƙara wata hira a wurin masu shayi ba sai tasa.

"Ka san yadda teburin gasa yake," in ji Kawu, yana goge hannu. "Mu da Kudai makinmu ɗaya a ƙasa. Gobe mu biyu za mu rufe gasa. In an yi canjaras, su ne na ƙarshe, don an fi zura musu ƙwallo. In mun ci, su ne na ƙarshe. Sai fa in sun ci mu, sannan mu ne na ƙarshe, mu fara zaɓe."

Luqman ya ajiye ƙashin.

"Kawu, me kake so ka ce?"

"Ban ce komai ba. Na ce dai rana tana da zafi, ido yakan yi ruwa, hannu yakan yi santsi. Ƙwallo ɗaya tak. Wa zai zarge ka?"

"Wato in bari a ci ni da gangan."

"Ka ji shi! Sai ka ce na ce ya yi sata. Dabara ce, ya waladi. Mu samu Issoufou, baɗi mu ɗauki kofi."

"Algus ne, Kawu. Mutane za su bar aikinsu su zo su tsaya a rana suna kallon abin da suka ɗauka gaskiya ne. Alƙalin wasa zai yi ta gudu yana busa usur a kan ƙarya. Wannan fa shi ne abin da ya hana mu gaba. Komai sai a ce ba komai. Jarrabawa ba komai, layi ba komai, mudu ba komai, yau ga shi har ƙwallon Asabar ma ba komai!"

"Inna lillahi," in ji Inna Rakiya daga bakin ƙofar kicin. "An fara huɗuba ta biyu."

Munira, 'yar Kawu, tana kwance a kujera da waya a hannunta. A Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ya Baba, khalas, ya isa, ka bar shehin nan. Wallahi ko a ludo ba ya yarda a yi masa rangwame."

"Ke yi mana shiru. Luqman, ni fa na kawo dokar nan. Su masu hokin da muka ara a wurinsu, dokarsu ba ta hana a faɗi da gangan ba. Manyan ƙungiyoyi suna yi, duniya tana kallo."

"Ka tabbata?"

"Duba wayarka mana, tunda kai ɗan boko ne kuma ɗan Arabiyya."

Luqman ya wanke hannu ya duba. Ya daɗe yana karatu, goshi a tamuke, Kawu yana kurɓar shayi mai na'ana'a yana jira da murmushin wanda ya riga ya san amsa.

"To," in ji Luqman. "Ban ga inda aka rubuta ƙarara cewa masu ƙungiya ba za su iya rabuwa da gwanayensu su bar masu rauni su ƙarasa shekara ba. Ana ma zargin wasu da yin haka."

"Ka ji ko!"

"Tsaya, Kawu. Wannan masu ƙungiya ke nan, a ofis. Amma ɗan wasa a cikin fili ya saki da gangan, wannan babban laifi ne a wurinsu. Kuma ga abin da alhajinka bai gaya maka ba. Sun daɗe da daina miƙa wa na ƙarshe zaɓin farko kai tsaye. Ƙuri'a suke yi, don dai a rage irin wannan. Duk da haka, a farkon shekarar nan an ce a wani gari 'yan kallo sun tashi suna tafi lokacin da aka ci ƙungiyarsu a gidansu, 'yan wasansu suna jin su. Abin da kake so mu zama ke nan? Mun aro rabin doka mun bar rabi, muna murna."

"Ya Baba," in ji Munira, "kai da ba ka san ƙanƙara ba sai a cikin kofin lemo, kana ta jayayya a kan dokar masu gudu a kanta."

Inna Rakiya ta fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya ajiye kofin shayin a hankali.

"Luqman, tun da na ɗauko ka a Jidda na taɓa roƙonka wani abu?"

"A'a, Kawu."

"Gemuna ya yi fari a bakin filin nan. Mutanen Shisha suna kirana kocin ta'aziyya. Sau ɗaya nake so in ɗaga kofin da ni na sayo shi, kafin gwiwoyin nan su zaunar da ni. Na gaya wa sauran yara, duk sun yarda. In ka kunyata ni gobe, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofar nan ranar Juma'a."

"Haba, Alhaji," in ji Inna Rakiya.

Luqman yana da amsa. Yana da amsa har uku, kowace da hujjarta. Amma ya kalli farin gemun, ya kalli tiren tuwo, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Kawu ya ɗauki shirun a matsayin amincewa, ya ƙara tura masa ƙashin.

Washegari bayan La'asar fili ya cika fiye da kullum. Direbobin bas sun jingina da waya suna cin gyaɗa, mutanen Shisha da suka riga suka ɗauki kofi sun zo kallon na ƙasa, Issoufou yana zaune kan wata tsohuwar taya da sauran baƙi. Malam Abdulsalami, malamin Alƙur'ani mai tsananin gaske da ke yi musu alƙalanci, ya busa usur.

Ba a jima ba Luqman ya gane cewa ba Kawu kaɗai ke da dabara a Makka ba.

Nasir, kyaftin ɗin Misfala kuma mai tsaron bayanta, ya miƙa wa Sabo ɗan gaban Kudai ƙwallo a ƙafa, ya kuma matsa gefe kamar mai ba dattijo hanya. Sabo ya taho shi kaɗai. Luqman ya durƙusa, har yanzu bai san abin da hannunsa zai yi ba. Sabo ya iso, ya dube shi, ya ɗaga ƙafa ya narka ƙwallo can saman wata bas da ke ajiye a wajen fili.

"Kash!" in ji Sabo, yana dafe kai. "Takalmin nan!"

"Wane takalmi?" Nasir ya daka masa tsawa. "Raga ga ta nan kamar ƙofar gareji!"

"To kai me ya dame ka? Ba murna ya kamata ka yi ba?"

'Yan kallo suka fara ganewa, dariya ta fara yawo a bakin waya. Kudai ba ta buƙatar ci, canjaras ya ishe ta. Duk ƙwallon da aka ba su sai su mayar, Misfala ta sake ba su, su sake mayarwa, kamar maƙwabta biyu masu rantsuwa a kan wanda zai fara shiga gida. Mukhtaru, golan Kudai, ya jingina da turke yana amsa gaisuwar mutane.

Luqman ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ga manya da gemu, wasu limamai ne a masallatan unguwa, wasu suna rubuta digiri na biyu a kan amana, sun tsaya a rana suna wasa da hankalin jama'a, kowa yana dariya. Ko Malam Abdulsalami sai waige-waige yake yi, don ba a taɓa koya masa laifin da ake busa wa wanda ya ƙi cin ƙwallo ba.

Da aka dawo hutun rabin lokaci, Kawu ya sauya shiri. Tunda Kudai ta ƙi ci, Misfala za ta ci kanta. Nasir ya juyo ya ɗirka wa nasa golan ƙwallo da dukkan ƙarfinsa, yana ihu, "Gola, taka ce!"

Luqman bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Jikinsa ne ya tashi sama, yatsunsa suka taɓa ta, ta bi ta saman turke.

Fili ya ɗauki sowa. Nasir ya matso yana haki.

"Kai, Ustazu, lafiyarka? Ba a gaya maka ba ne?"

"An gaya mini."

"To?"

"To ka sake bugowa."

Ya sake bugowa. Luqman ya kama ta a ƙirji. Wani ɗan Misfala ya gwada da kai, Luqman ya doke ta da gwiwa. A bakin fili Kawu ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

Nan mutanen Kudai suka ga hatsarin da suke ciki. In ɗaya daga cikin waɗannan ta shige, sun ci wasa ke nan, Issoufou ya tafi Misfala. Sabo ya yi fito ya kira mutanensa, suka kwararo gaba ɗaya suka jeru a gaban ragar Luqman suna tsare ta daga 'yan Misfala. Abin da ba a taɓa gani ba a Kudai ke nan: 'yan Misfala suna kai wa ragarsu hari, 'yan Kudai suna kare ta da jini da tsoka. Sabo har da zamiya a ƙasa.

"Kada ka damu, Ustazu," in ji shi, yana miƙewa. "Muna tare da kai."

"Ni ba na tare da ku!"

Wani direba a bakin waya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Shi ma Mukhtaru ya bar ragarsa ya tako har tsakiyar fili don ya ga abin da kyau, safar hannunsa a hammata.

Ana dab da tashi, ƙwallo ta sake faɗowa hannun Luqman. Ya rasa wanda zai ba. In ya ba nasa, a dawo masa da ita a fuska. In ya ba na Kudai, a yi ta yawo da ita har Magariba. Haushi ya kama shi. Ya sake ta a iska ya take ta da ƙafar dama, ba don komai ba sai don ta yi nisa da shi da su duka.

Filin ƙarami ne. Ƙwallo ta wuce saman kawunansu, ta wuce saman Mukhtaru da ya ɗaga kai yana binta da ido, ta dira, ta yi tsalle, ta gangara a hankali kamar mai jin kunya, ta shige ragar Kudai.

Luqman ya waiga bakin fili, don can ne tsoronsa yake. Abin da ya gani bai taɓa mantawa da shi ba. Kawu Tijjani, mai ciwon gwiwa, yana sama, ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa, hula ta tashi, hannuwa a buɗe, yana kururuwa, "Goool! Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!" Sai da ya dira ya rungume wani mutumin Shisha, sannan ya tuna. Fuskarsa ta sauya a hankali. Ya saki mutumin, ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ta.

'Yan Kudai kuwa suka ɗaga Mukhtaru sama suna zagaya fili da shi, golan da aka ci. Malam Abdulsalami ya busa tashi, ya ce shi dai Allah ya gani, bai san abin da ya yi wa alƙalanci ba yau.

A nan take aka yi zaɓen baƙi, kamar yadda aka saba. Wasu suka ce a soke, wasa bai yi wasa ba. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ni na kafa doka, a kaina za ta fara aiki. Kudai, ku zaɓa."

Suka zaɓi Issoufou. Ya tashi daga kan taya, ya karɓi rigarsu, ya biyo ta wajen Luqman ya ba shi hannu. "Baɗi sai ka yi da gaske, gola," in ji shi. "Ni ba na buga wa bas." Misfala ta samu wani dogon yaro daga Gusau mai suna Abdulquddus, wanda ya ce shi a gida ma baya yake tsarewa. Kawu bai kalli inda Luqman yake ba, ya shiga motarsa ya tafi.

Luqman ya yi makon nan yana jujjuya abin a ransa. Bai yi nadama ba, ko kaɗan. In aka sake, haka zai sake yi. Amma rashin nadama ba ya cika ciki, kuma ba ya tambayar mutum labarin mahaifiyarsa. Ranar Juma'a da aka sallame, ya fito ta ƙofar da ya saba, taron jama'a ya kwashe shi zuwa kudu, ƙafafunsa suka bi lungunan Misfala, ta gaban masu gasa gurasar tamis da masu sayar da carbi. Ya tsaya a ƙofar gidan. Ya cire takalmi ya riƙe a hannu, tunda takalmin aka ce kada a gani.

Munira ce ta buɗe. Ta kalli takalman, ta kalle shi, ta juya ciki.

"Ya Baba! Mai laifi ya iso, kuma ya zo da fatawa a hannu!"

A falo akwai baƙi, direbobi biyu abokan Kawu. Kawu yana tsaye a tsakiyarsu da matashin kujera a hannu, ƙafar dama a sama, bai ma ji sallama ba.

"Daga nan fa, daga cikin ragarsa! Ya dubi Mukhtaru ya ga ya fito, ya auna, ya ce bismillahi..."

"Kawu, ban auna komai ba. Haushi ne kawai."

Kawu ya sauke ƙafa. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalman.

"Wa ya tambaye ka? Ni nake ba da labari ko kai? Ajiye waɗannan a waje, kana ɗiga mana ƙasa a kafet."

Luqman ya ajiye su a ƙofa, ya dawo ya zauna a wurinsa. Inna Rakiya ta shigo da tire, ta dangwarar, ta ce, "Tun safe yake tambayata ko kukar ta isa."

"Ƙarya take yi mini," in ji Kawu. Ya zauna da ƙyar yana dafa gwiwa. "Ka jawo mini asarar Issoufou. Ban yafe ba, ka sani. Sai na ga abin da dogon nan na Gusau zai iya." Ya gutsuri tuwo. "Wannan ƙuri'ar ta masu ƙanƙara, yaya suke yin ta?"

Luqman ya gyara zama. "Ai abin da nake ta faɗa ke nan, Kawu. Duk waɗanda ba su kai gaci ba ana sa su a ciki, na ƙarshe ya fi yawan rabo amma ba shi da tabbas. Mu ma in muna so mu gyara, sai mu fara da..."

"A taƙaice, ya shehi, miya tana hucewa. Ƙwallayen dabino a cikin hula zai yi?"

"Zai yi."

"Tayyib, to shi ke nan. Hulata za a sa." Kawu ya laluba cikin miya, ya ciro ƙashin mai ɓargo, ya juya shi, ya kai bakinsa. "Ci tuwo," in ji shi. "Wannan kam nawa ne."